Asusun Lafiya na Taimakon Juna: Me Ke Jawo Mutane, Me Ke Korar Su?

Kowace shekara magidanta da yawa a ƙasar nan sukan sayar da akuya, ko buhun hatsi, ko keken ɗinki, wani lokaci ma har gona, domin biyan kuɗin asibiti. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa cikin kowace naira 100 da ake kashewa wajen neman lafiya a Nijeriya, fiye da naira 70 daga aljihun majinyaci da danginsa suke fitowa, a ranar da ciwo ya kama. Ƙasashe kaɗan ne a duniya nauyin ya kai haka a kan talakawansu.

An daɗe da sanin maganin wannan matsala, watau mutane su riƙa zuba kuɗi kaɗan-kaɗan cikin asusu guda tun suna da lafiya, domin duk wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki. Wannan shi ake kira inshorar lafiya. Idan mutanen gari ɗaya, ko 'yan kasuwa ɗaya, ko masu sana'a ɗaya suka haɗu suka kafa nasu, sai a kira shi asusun lafiya na al'umma. Abin mamaki shi ne, duk da amfaninsa, mutane ba su cika shiga ba. Babban binciken jama'a da lafiya da aka yi a ƙasa duka a 2018 ya gano cewa cikin maza da mata masu shekara 15 zuwa 49, wajen uku ne kacal cikin ɗari suke da inshorar lafiya kowace iri. A ƙarshen 2024 Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta ba da sanarwar cewa masu rajista sun kai wajen miliyan 19, a ƙasar da jama'arta suka haura miliyan 200. Wannan ɗan littafi zai bayyana abin da masu bincike suka gano game da halin jama'a kan wannan sha'ani, da kuma iyakar abin da talla da shela za su iya yi.

Asalin shirin a Nijeriya

Tun a 1962 Ministan Lafiya na Tarayya, Dokta Moses Majekodunmi, ya kai wa Majalisa shirin doka na kafa irin wannan tsari a birnin Ikko, amma bai sami karɓuwa ba. Sai a 1999 aka yi Doka ta 35 wadda ta kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, kuma ba a fara aiki da shi sosai ba sai a watan Yuni na 2005. A ƙa'idar farko, wanda ya ɗauki ma'aikaci zai zuba kashi 10 cikin ɗari na gundarin albashinsa, shi kuma ma'aikacin ya zuba kashi 5, sa'an nan a kula da shi da matarsa da 'ya'yansa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Wannan ya yi wa mai albashi daidai, domin akwai wurin da za a cire kuɗin kowane wata. To, amma manomi fa, da mahauci, da mai sayar da tumatir, da direban haya? Su ne mafi yawan jama'a, kuma ba su da ofishin biya. Saboda su ne aka koma ga dabarar asusun al'umma.

Bambancinsa da adashi

Ba wanda zai koya wa mutanen Nijeriya tara kuɗi tare. Bahaushe yana da adashi da biki da gudummawa, Bayarabe yana da esusu da ajo, Inyamuri yana da isusu. Amma nan ne kuma ruɗanin farko yake tasowa. A adashi kowa ya zuba zai kwasa, ranarsa kawai yake jira. A asusun lafiya kuwa wanda ya zuba shekara guda bai yi ciwo ba, ba a mayar masa da ko kwabo. Masu bincike a ƙasashen Afirka da dama sun sha jin tambaya iri ɗaya daga bakin waɗanda suka fita daga asusu: “Na biya, ban je asibiti ba, ina kuɗina?”

Amsar tana cikin lissafi. A ɗauka, alal misali, mutum 1,000 sun shiga asusu, kowa yana zuba naira 1,000 a wata. A shekara an tara naira miliyan 12. A ɗauka kuma mata 20 daga cikinsu haihuwa ta zo musu da gardama, aka yi wa kowace aiki kan naira 300,000. An kashe miliyan 6 ke nan, saura miliyan 6 na zazzaɓin cizon sauro da awon ciki da ƙananan raunuka. Waɗannan lambobi misali ne kurum, ba farashin wani asusu ba ne, amma suna nuna abin da ake nufi. Babu ɗaya daga cikin matan nan 20 da ta san ita abin zai faɗa wa, kuma naira 12,000 da mijinta ya zuba a shekara ba za su isa ko kusa ba. Kuɗin waɗanda suka zauna lafiya su ne suka fitar da ita. Abin da mai lafiya ya saya da kuɗinsa shi ne tabbacin cewa da shi abin ya sama, da an yi masa haka nan.

Yanzu a juya lissafin. A ce mutum 100 kaɗai suka shiga, kuma yawancinsu masu juna biyu ne da tsofaffi da waɗanda suka riga suka san suna ɗauke da ciwo. Abin da za a tara a shekara naira miliyan ɗaya da dubu 200 ne, watau aiki huɗu ya cinye shi ƙarƙaf. Daga nan sai magani ya yanke, sai a ƙara kuɗin zubi, sai 'yan masu lafiyar da suka rage su ma su fice. Ta wannan hanya ƙananan asusu da yawa suka mutu ba tare da wani ya saci ko sisi ba. Shi ya sa ake son gida ya shiga gaba ɗaya, ba a tsame mara lafiya kaɗai a kai shi ba, shi ya sa kuma akan sa sabon shiga ya jira wani ɗan lokaci kafin ya fara cin moriya. Wanda bai san dalili ba yakan ɗauki wannan jira a matsayin wulaƙanci.

Yadda ake binciken halin mai saye

Ɗan kasuwa nagari ya san abokin cinikinsa: lokacin da yake da kuɗi, abin da yake so, da abin da ke sa shi ya tsallake rumfa ya tafi ta gaba. Masana sun mai da wannan sani ya zama fanni na ilmi. Hanya ta farko ita ce bi gida-gida ana tambayar mutane nawa za su yarda su biya. Farfesa Obinna Onwujekwe na Jami'ar Nijeriya, reshen Inugu, ya tsara wata hanyar tambaya da ta kwaikwayi ciniki irin na kasuwa, inda mai tambaya zai sa suna, wanda ake tambaya ya taya, a yi ta ja har a tsaya a kan farashi. A wani bincike da shi da abokan aikinsa suka buga a 2010 game da kudu maso gabashin ƙasar nan, waɗanda suka ce za su biya kuɗin asusun al'umma ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba, kuma maza da masu hali sun fi mata da matalauta taya farashi mai tsoka.

Sai dai baki daban, aljihu daban. Mutum yakan amsa wa baƙo mai takarda da alƙalami cewa zai biya, don kunya ko don fatan a kawo wa garinsu wani abu, amma ranar karɓar kuɗi a neme shi a rasa. Saboda haka aka fi dogara da hanya ta biyu, watau gwaji. Akan raba gidaje kashi-kashi ta hanyar ƙuri'a, a yi wa wani kashi bayani, a yi wa wani rangwame, a bar wani haka nan, sa'an nan bayan watanni a ƙirga waɗanda suka shiga da gaske. Tun da ƙuri'a ce ta raba su, duk bambancin da aka gani daga abin da aka yi musu ne ya fito.

An yi irin wannan gwaji a birnin Tiyes na ƙasar Senegal kan gidaje 360, aka buga sakamakonsa a 2017. An gayyaci wasu zuwa taron da aka koyar da su ma'anar inshora da amfaninta, wasu kuma aka ba su takardar rangwame wadda ta ɗauke musu kuɗin rajista. Koyarwar ba ta ƙara yawan masu shiga ba yadda za a ce an gani. Rangwamen kuwa ya ƙara sosai, musamman a gidajen matalauta. Wannan sakamako yana da ɗaci ga duk mai aikin wayar da kan jama'a, domin an saba cewa jahilci ne ke hana mutane shiga. Sau da yawa mutumin ya fahimta sarai, kuɗin ne babu a ranar da aka zo nema.

Amma kuma arha kaɗai ba ta gama magana. A Managuwa, babban birnin Nikaraguwa, an ba 'yan kasuwa inshora ta wata shida kyauta. Waɗanda aka je har rumfarsu aka yi musu rajista sun fi waɗanda aka tura ofis shiga, domin wuni guda a layi wuni ne na rashin ciniki. Da kyautar ta ƙare, waɗanda suka ci gaba da biya bayan shekara ba su kai ɗaya cikin goma ba. A Indunusiya, Farfesa Abhijit Banerjee, wanda ya sami lambar Nobel a 2019, ya yi gwaji tare da abokan aikinsa kan gidaje wajen 6,000 a biranen Medan da Bandung. Ko da aka ce shekara guda kyauta ce, waɗanda suka shiga ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Da aka tura ma'aikata gida-gida su taimaka wajen rajista, mutane da yawa sun yunƙura, amma mafi yawansu suka kasa kammalawa saboda kurakurai a takardun iyali da ke hannun hukuma. Mai son shiga ya zo da niyyarsa, takarda ta mai da shi gida.

Darasin Kwara

Gwajin da ya fi kowane suna a ƙasar nan shi ne na Jihar Kwara. An fara shi a 2007 a yankin Shonga na Ƙaramar Hukumar Edu, da haɗin gwiwar gwamnatin jihar da kamfanin Hygeia da ƙungiyar PharmAccess ta ƙasar Holan, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa yankin Afon da wasu wurare. A shekarun 2009 zuwa 2011 abin da mutum yake zubawa naira 300 ne a shekara, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na ainihin kuɗin kula da shi ba. Ragowar gwamnatin jihar da masu ba da taimako ne suke cikawa.

Abin lura a nan shi ne, kafin a fara sayar wa manoma kati, sai da aka gyara asibitocin da za su je, aka zuba magani da kayan aiki, aka horar da ma'aikata, aka kuma riƙa zuwa duba aikinsu. Masana daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ilori da takwarorinsu na Amsadam suka bi gidaje shekara da shekaru, a yankin da ke da shirin da kuma wani yanki makamancinsa da ba shi da shi. Sun gano cewa zuwa asibiti ya ƙaru, kuɗin da mutane ke cirewa daga aljihu ya ragu, haihuwa a asibiti ta ƙaru har ga matan da ba su yanki kati ba, kuma a wani rahoto da aka buga a 2014 an nuna cewa masu hawan jini a yankin shirin jininsu ya fi sauka. Watau gyaran asibitin ya yi tallar da babu lasifikar da za ta yi irinta, gani ya kori ji.

Ƙarshen labarin ma darasi ne. Shirin da kashi tara cikin goma na kuɗinsa daga waje yake zuwa, ransa yana hannun mai bayarwa. Da kuɗin tallafin ya yi wuyar samuwa sai shirin ya tsaya, daga baya jihar ta kafa hukumar inshorarta ta jiha duka. Manomin da ya saba nuna kati a ba shi magani, ranar da ya nuna aka ce masa babu, ba lalle ne ya tsaya sauraron dalili ba, kuma duk wanda zai zo masa da wani sabon kati nan gaba sai ya sha aiki.

A Jihar Anambara, inda aka kafa asusun al'umma a garuruwa da dama a 2003, an kwatanta garuruwa biyu masu tsari iri ɗaya da kuɗin zubi iri ɗaya. A ɗaya kusan rabin mutanen da aka tambaya sun shiga, a ɗayan kuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Tun da farashi bai bambanta ba, sai a nemi dalili a wani wuri: yadda aka sa mutanen gari cikin gudanarwa, da amincewarsu da masu riƙe kuɗi, da abin da suke tararwa a asibiti. A gundumar Nuna ta Burkina Faso, inda aka fara a 2004, gidajen da suka shiga a shekarun farko ba su kai ɗaya cikin goma ba, kuma cikin koke-koken waɗanda suka fita har da irin karɓar da ma'aikatan lafiya suke yi musu.

Wannan koke yana da tushe a yadda ake biyan asibiti. A tsari da yawa akan ba asibiti wani ƙayyadadden kuɗi kowane wata a kan kowane mai kati da ya zaɓe shi, ko ya zo ko bai zo ba. Idan kuɗin ya yi kaɗan, ko ya makara, sai mai kati ya zama nauyi, mai tsabar kuɗi a hannu ya zama baƙon girma. Daga nan ake fara jin “maganin nan babu, je ka saya a waje.” Mace ɗaya da aka yi wa haka za ta ba da labari a gidan suna da bakin rijiya da wurin niƙa, kafin mako ya zagayo unguwa duka ta ji.

Abin da talla ke iyawa

A 1971 wasu masana biyu na Amurka, Philip Kotler da Gerald Zaltman, suka nuna cewa dabarun da ake sayar da sabulu da su za a iya amfani da su wajen yaɗa abin da zai amfani jama'a. Mutane da yawa sun ɗauka wannan yana nufin waƙa a rediyo da manna hotuna a bango. Alhali a wurin masana kasuwanci shela kashi ɗaya ce cikin huɗu. Sauran su ne kayan da kansa, da farashinsa, da wurin da za a same shi. Asusun da ya sa ranar karɓar kuɗi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma kuɗi ya tafi taki, ya riga ya kori manoma ko da mawaƙa goma suka yi masa waƙa. Da kaka ya kamata a neme su. Ɗan kasuwa kuwa da kuɗi ke shigo masa kullum ya fi son ya zuba kaɗan-kaɗan, kamar yadda yake ba mai adashi da yamma. A Gana, tun daga Disamba 2018 aka ba mutane damar sabunta katinsu ta wayar hannu, don a raba su da layin ofis.

Ya kamata kuma masu asusu su san da wa suke takara. Ba wani asusu ba ne, mai kemis ne na bakin layi. Yana kusa, yana buɗe har dare, ya san sunan maigida da na 'ya'yansa, yana ba da magani na naira nawa aka zo da su, kuma yakan ba da bashi. Ko da maganinsa bai dace da ciwon ba, ya fi asibiti sanin yadda ake riƙe abokin ciniki, kuma akwai abin koyo a wurinsa.

Suna ma yana da tasiri. Wasu Musulmi suna ɗari-ɗari da inshorar kasuwanci saboda rashin tabbas da ke cikin cinikin da kuma batun kuɗin ruwa. Malamai da yawa sun bambanta wannan da asusun da aka gina kan sadaukarwa da taimakon juna, kuma a 2013 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa ta fitar da ƙa'idojin takaful. Jihar Kano, wadda ta yi dokarta a 2016, da wasu jihohin Arewa, ana kiran hukumominsu da sunan taimakekeniyar lafiya, kalmar da kowa ya san ma'anarta tun daga gayya. Akwai kuma masu ganin biyan kuɗin ciwo kafin ya zo kamar kiran ciwon ne. Irin wannan ba takarda ke warware shi ba, sai bakin wanda ake jin maganarsa: limami, ko fasto, ko mai unguwa, ko shugaban 'yan kasuwa, ko ungozoma. Kuma ya kamata a lura da cewa a gidaje da yawa maigida ke yanke shawarar kuɗi, amma uwargida ce ke kai yara asibiti, ita ta san zafin abin. Shelar da ta tsaya a majalisar maza ta bar rabin aikin.

Talla kuma tana da ɓangarenta mai haɗari. Yadda kamfanoni suka riƙa tallar madarar gwangwani har iyaye mata suka fara barin shayarwa shi ya sa Babban Taron Lafiya na Duniya ya kafa ƙa'idar tallarta a 1981. Mai tallar magani a tasha, wanda ƙwaya ɗaya tasa ke maganin basir da ciwon baya da shawara, ya san halin mai saye sarai, da wannan sani yake cutar da shi. Waɗanda kuɗinsu ya nutse a tsarin MMM a Disamba 2016 ba su manta ba, kuma duk mai zuwa da maganar “zuba kaɗan ka sami da yawa” da wannan ido suke kallonsa. Wakilin asusu da ake biya lada kan kowane mutum da ya kawo yakan ji kwaɗayin cewa kati yana maganin kome. Babu asusun da ke ɗaukar kome. Ranar da mai kati ya zo da abin da ba ya cikin yarjejeniya aka juya shi, asarar ta fi ladan da wakilin ya karɓa nesa ba kusa ba. Saboda haka ma'aunin gaskiya na asusu ba yawan waɗanda suka yi rajista ranar buɗewa ba ne, a gaban manyan baƙi da 'yan jarida. Yawan waɗanda suka dawo da kansu suka sabunta a shekara ta biyu shi ne abin dubawa.

Dalilin dokar 2022

Ƙasashen da suka yi nisa ba da shela kaɗai suka kai ba. Ruwanda ta fara gwaji a gundumomi uku a 1999, daga baya ta wajabta shiga, a 2011 kuma ta raba kuɗin zubi bisa ƙarfin gida, gwamnati na biya wa mafi talauci. Da haka ta kai fiye da kashi 80 cikin ɗari na jama'arta. Gana ta yi dokarta a 2003, ta ɗora harajin kashi biyu da rabi cikin ɗari kan kayan saye domin ciyar da asusun. Habasha ta fara da gundumomi 13 a 2011 kafin ta faɗaɗa. A duk wuraren nan hannun hukuma da kuɗin hukuma suna ciki dumu-dumu.

Nijeriya ma ta bi wannan hanya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa abin da bai gaza kashi ɗaya cikin ɗari na haɗaɗɗen kuɗin shigar Tarayya ba, aka kuma fara ware masa kuɗi a kasafin 2018. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar doka wadda ta soke ta 1999, ta wajabta inshorar lafiya kan kowane ɗan ƙasa da mazaunin ƙasa, ta kuma tanadi asusu na musamman don marasa galihu, irin su yara ƙanana da masu juna biyu da tsofaffi da naƙasassu. Amma doka ba ta iya cire kuɗi daga albashin wanda ba shi da albashi. Mai sayar da albasa sai ya ga dama zai kawo kuɗinsa, saboda haka duk abin da aka faɗa a baya game da farashi da amana da karɓa a asibiti yana nan daram.

Kafin a zuba kuɗi

Wanda aka zo wa da maganar asusu yana da haƙƙin ya yi tambaya har ya gamsu, kuma wakili nagari ba ya jin haushin tambaya. Ya nemi a nuna masa a rubuce irin cututtuka da ayyukan da asusun ke ɗauka da waɗanda ba ya ɗauka, a karanta masa idan ba ya karatu. Ya san asibitin da za a rubuta masa, ya je da ƙafarsa ya gani, ya tambayi masu kati da ya tarar a can yadda ake yi musu. Ya tambayi ranar da katin zai fara aiki da ranar da zai mutu, da ko akwai wani kaso na kuɗin magani da zai riƙa biya da kansa, domin a wasu tsare-tsare mai kati yana biyan kashi 10 cikin ɗari. Mai mace fiye da ɗaya ko 'ya'ya da yawa ya tambayi kuɗin ƙarin mutum tun da wuri. Kada ya ba kowa kuɗi sai da rasit mai sunan hukuma ko na asusun. Idan asusun na ƙungiya ne, 'yan ƙungiya su nace a riƙa karanta musu lissafin shiga da fita a gaban taro, kuma kada ma'aji shi kaɗai ya iya fitar da kuɗi daga banki.

Akwai magana ta musamman ga Hausawa mazauna Sabo a Badun, da Agege da Idi Araba a Ikko, da kasuwar shanu ta Lokpanta a Jihar Abiya, da Fatakwal da Anaca da sauran garuruwa. Da yawa suna zaton shirin jihar da suke zaune na 'yan asalin jihar ne kaɗai, sai su ƙi ko tambaya. Shirin Ilera Eko na Jihar Ikko, alal misali, na mazauna jihar ne. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da fadar Sarkin Hausawa suna iya tattara mutanensu su shiga a dunƙule, wanda yakan fi sauƙin rajista. Ɗan ci-rani da direban babbar mota, waɗanda rabin shekara suna nan rabi suna can, su tambaya musamman ko katin zai yi aiki a wajen jihar, da yadda ake sauya asibiti idan an koma gida da damina.

Wanda aka hana shi abin da ke cikin yarjejeniya ya fara kai ƙara wurin shugaban asibitin, idan bai sami biyan bukata ba ya tafi ofishin hukumar jiha, ko ofishin Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa da ke babban birnin jiharsa, riƙe da katinsa da rasit da takardar magani. Takardar haƙƙoƙin majinyaci da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a watan Yuli na 2018 ta ba shi damar sanin ciwonsa da maganinsa da lissafin kuɗinsa cikin harshen da yake ji. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta 2014 kuma ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, da kati ko babu kati, kuma hukuncin wanda ya saɓa tarar naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu.